Mako shida a falo, mako shida a jim

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Shekara uku ke nan ina cewa "zan fara". Abin da ya tunzura ni ƙarshe bai kai ya kawo ba: lif ɗin wurin aikinmu ya lalace, na hau bene hawa huɗu da ƙafa, na iso sama ina haki kamar wanda aka koro. Sai da na tsaya a bakin ƙofa ina latse-latsen waya na ƙarya don kada a ga halin da nake ciki. Shekarata 41.

Gardamar da na daɗe ina fakewa da ita ta wuri ce. In na ce a gida zan yi, a ce ba zan ɗore ba, gida wurin hutu ne. In na ce gidan motsa jiki zan je, wanda kowa ke kira jim, a ce kuɗina kawai zan zubar. Ni kuwa sai in samu inuwa a tsakanin maganganun biyu in miƙe ƙafa. To, gani ya kori ji. Mako shida a falona, mako shida a jim, kwana uku a mako: Litinin, Laraba, Asabar. Komai zan rubuta shi a nan, har da ranakun da na yi lalaci.

Ma'aunin da na ɗauka shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020: babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan aƙalla kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Matsakaici shi ne wanda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Wannan ɓangaren na bar wa tafiyar sauri, minti 30 sau biyar a mako, kuma ba zan taɓa shi ba har ƙarshe. Abin da zai canja wuri shi ne aikin ƙarfi.

Awon yau: tsawo santimita 174, nauyi kilo 86, ƙugu a daidai cibiya santimita 97. Ana son ƙugu ya gaza rabin tsawon mutum, wato ni ƙasa da 87, ke nan akwai bashin santimita goma a kaina. Bugun zuciya da safe kafin in sauko daga gado, 82 a minti. Fires-of, wato in kife in ɗago jikina da hannuwa, guda 9. A na goma na zube. Na kuma yi gwajin minti 12 da Kenneth Cooper ya tsara wa sojojin saman Amurka a 1968, a ga iya nisan da mutum zai ci. Mita 1,650, rabi gudu rabi tafiya. Makon jiya likita ta auna jinina ta ce in je in yi, amma in bi a hankali.

Alhamis, 4 ga Satumba

Jiki magayi. Cinyoyina sun yi tsami har zama a kujera sai na dafa. Abin mamaki, saukowa daga bene ya fi hawa azaba.

Da na ɗauka asid ɗin laktik ne ya taru, kamar yadda aka saba faɗa. Ashe shi wannan cikin sa'a guda ko makamancin haka jini ke kwashe shi. Tsamin da ke zuwa daga baya na aikin da tsoka ba ta saba ba ne, musamman lokacin da take miƙewa alhali tana riƙe da nauyi, kamar sanda kake sauka cikin tsuguno. Yakan yi tsanani tsakanin sa'a 24 da 72, sannan ya lafa. Matata ta gan ni ina takawa kamar mai tsallake ƙaya, ta ce, "Maigida, ko a samo maka sanda ne?"

Lahadi, 14 ga Satumba

Kayan aikina ba su da yawa: tabarmar roba, igiyar tsalle, roba mai talewa guda biyu, da kujerar cin abinci. Tsarin kuwa tsuguna-tashi, fires-of, taku gaba da durƙusawa, ɗaga ƙugu ina kwance rigingine, jan roba zuwa ƙirji, sai dogarawa a kan gwiwar hannu jiki a miƙe kamar katako. Kowanne zubi uku, wato in yi shi a jere, in huta, in sake, har sau uku.

Daɗin gida shi ne farawa ba ta da tsada. Daga gado zuwa tabarma taku goma sha biyu ne, na ƙirga. Ba neman takalmi mai kyau, ba jaka, ba tunanin wa zai gan ni. Sau shida aka ɗiba zuwa yau, sau shida na yi.

Amma ga inda gizo ke saƙa: yadda farawa ke da sauƙi, haka dainawa. Ranar Laraba waya ta yi ƙara ina tsakiyar zubi na biyu, na ce bari in amsa in dawo. Sai da dare na tuna tabarmar tana nan a shimfiɗe. Jiya kuma autarmu mai shekara huɗu ta ga na kife, ta ɗare bayana tana cewa, "Abba, doki! Tafi!" Kilo goma sha shida ne a gadon bayana, ban ko motsa ba, muka zube tare tana ƙyaƙyata dariya. Ban yi fushi ba, amma zubi na uku ya bi ruwa.

Igiyar tsalle ta yi ritaya da wuri. Maƙwabcinmu na ƙasa ya tare ni cikin mutunci ya ce, "Malam, lafiya dai ko? Kullum da sassafe sai mu ji kamar ana gini a sama." Na ba shi haƙuri.

Laraba, 24 ga Satumba

Yau na ji kunyar kaina ni kaɗai. Ranar Litinin na rubuta fires-of 17, har na fara hura hanci. Sai na jingina waya da ƙafar kujera na ɗauki hoton bidiyo. Abin da na gani ba fires-of ba ne. Ƙugu ya lotsa, tumbi na riga ƙirji isa ƙasa, kai na sunkuyawa yana ɗagowa kamar na ƙadangare, gwiwar hannu kuwa ko rabi ba ta lanƙwasa ba. Da na gyara, na matse ciki da ɗuwawu, na sauke ƙirji har ya kusa taɓa tabarma, sai 17 ta koma 12.

Wannan ce illar gida ta biyu, ba mai ce maka ka karkace. Mutum kuwa in shi ne alƙali shi ne mai ƙara, ba ya faɗuwa shari'a. Daga yau duk Laraba sai na ɗauki bidiyo.

Duk da haka daga 9 zuwa 12 na gaskiya ci gaba ne, ko da yake damtsena bai ƙara ko kauri ba. Haka abin yake a makonnin farko: yawancin ƙarfin da ke ƙaruwa daga jijiyoyin saƙo yake, ƙwaƙwalwa ce ke koyon tattaro zaruruwan tsoka su yi aiki tare a lokaci ɗaya. Girman tsokar kansa sai daga baya yake bayyana.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ƙafafu sun daina jin komai. Ina tsuguna-tashi 35 a jere, abin da ke tsayar da ni haki ne da gundura, ba gazawar cinya ba.

A nan ne batun ƙara nauyi a-kai-a-kai ya shigo. Wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, shi ya kafa shi a fagen likitanci a 1945, lokacin da yake farfaɗo da sojojin da suka samu rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. A wancan zamani ana lallaɓa majinyaci da motsi mara nauyi. Shi kuwa ya sa su ɗaga nauyin da ba za su iya wuce sau goma da shi ba, in sun ƙware a ƙara. Zubi uku na sau goma-goma da ake ta yi har yau daga aikinsa ya samo asali. Ma'anar a taƙaice: tsokar da ba a ƙara mata kaya ba, ba ta da dalilin ƙara ƙarfi.

To ina zan samu kayan a falo? Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, sai na cika robobi shida masu lita ɗaya da rabi na jera a jakar goyo, kilo tara ke nan. Ya yi aiki kwana biyu, a na uku hannun jakar ya tsinke ina tsakiyar tashi, robobi suka watse, ɗaya ta fashe a kan kafet. Ba sai na faɗi abin da uwargida ta ce ba.

Dabarar da ta fi ita ce ƙafa ɗaya. In ɗora ƙafar baya a kan kujera, in sauka da ta gaba a hankali ina ƙirga uku. Sau takwas kacal cinya ta fara rawa. Ashe ba sai da ƙarfe ake ƙara wahala ba: a rage ƙafa, a rage sauri, a tsaya a ƙasa na daƙiƙa biyu. Tsoka ba ta san sunan abin da ke danne ta ba, nauyi kawai ta sani da kusantar gazawa.

Inda na rasa mafita shi ne baya. Turawa tana da sauƙi a gida, ga ƙasa nan ka yi ta turawa. Ja kuwa sai da abin kamawa. Robobina sun yi mini laushi. Na gwada kwanciya ƙarƙashin tebur in kama gefensa in ɗago, teburin ya ɗaga ƙafa biyu ya nufo fuskata, na sake shi da sauri. Garin neman gira kada a rasa ido.

Lahadi, 12 ga Oktoba

An rufe zangon gida. Cikin 18, na yi 17. Amma da na tara mintunan, kowane zama bai wuce minti 28 a matsakaici ba, alhali 40 na tsara, kuma sau biyar ban kai ƙarshe ba. Nauyi 84.5, ƙugu 94, bugun zuciya 76, fires-of 19 waɗanda bidiyo ya shaida, gwajin minti 12 mita 1,850.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ranar farko a jim. Minti 25 na tafiya, ga cika takarda, ga biyan kuɗin wata. Na shiga sai madubi ta ko'ina, ga ƙarar kiɗa, ga samari masu ƙwanji suna ajiye ƙarfe ƙasa na girgiza. Na ja rigata ƙasa don ta rufe teɓa. Bayan minti goma na gane ba wanda ya damu da ni, kowa kansa yake kallo a madubin.

Kocin, wanda ba zai wuce shekara 26 ba, ya nuna mini sandar ƙarfen da ake saƙala wa faifan nauyi dama da hagu, ya ce, "Yallaɓai, sandar kawai za ka fara da ita, ba faifai." Na so in ji haushi, sai da na ɗora ta a kafaɗa na tuna ita kanta kilo 20 ce. Ya zagaya bayana, ya ce in buɗe ƙafa kaɗan, in bar dunduniya a ƙasa, gwiwa ta bi saitin yatsu. Gyara uku cikin minti biyu, waɗanda bidiyon mako uku bai nuna mini ba, don ni ban san abin da zan duba ba.

Sai na'urar ja daga sama. Da na jawo sandar zuwa ƙirji na ji wasu tsokoki a ƙasan hammata da tsakanin kafaɗu sun farka, waɗanda mako shida suna barci. Minti 55 na yi ban duba agogo ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Abin da jim ke da shi wanda falo ba shi da shi, ƙaramin faifai ne mai kilo 1.25. Ka sa ɗaya dama ɗaya hagu, ka ƙara kilo biyu da rabi, ka rubuta. Ba lissafin robobi, ba jakar da za ta yage. Tsuguno da sanda ya tashi daga 20 zuwa 35 cikin zuwa biyar. Ganin lamba tana hawa a littafi yana da wani daɗi da ke jawo mutum.

Sannan in ka riga ka ci hanyar minti 25, ba ka barin aiki a rabi. Ba waya, ba ƙwanƙwasa ƙofa, ba doki.

Abin da ke ci mini rai biyu ne. Da yamma wurin cika yake, yau na yi minti 12 ina jiran wani ya gama kallon waya a kan bencin da nake so. Na biyu, kocin nan mai kirki ya fara yi mini tallar garin furotin da wasu ƙwayoyin "ƙona kitse", da na'urar girgiza ciki wai tana narkar da tumbi. Na ce masa na gode. Kitse ba ya narkewa daga wurin da aka matsa wa, jiki daga ko'ina yake ɗibarsa in abin da ake ƙonawa ya fi abin da ake ci. Tun daga nan fara'arsa ta ɗan ragu.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Laifina ne, ba na kowa ba. Ina ɗaga ƙarfe daga ƙasa, littafi ya ce kilo 55. Wani yaro da bai kai ni jiki ba yana gefena da 80. Na sa 70. A ɗagawa ta uku bayana ya gantsare ta inda bai kamata ba, na ji wani abu ya tsunkule ni a kwankwaso na dama. Na ajiye, na yi kamar ƙishirwa ce ta kama ni.

A falo wannan ba zai faru ba, don ba ƙarfen, ba kuma yaron. Idon mutane da ke hana ni gudu daga aiki, shi ne dai ya sa ni ɗaukar abin da ya fi ƙarfina.

Ciwon bai sauka ƙafa ba, ba dindiris, ba sanyin gaɓa. Likita ta ce tsoka ce, kada in kwanta in langaɓe, in ci gaba da tafiya, in bar ƙarfe na 'yan kwanaki.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Kwana 66 da farawa. Na daɗe ina jiran wannan lamba, saboda binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, wanda ya fito a 2009, ya nuna sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tazarar: wasu kwana 18, wasu har 254. Ni dai ga alama ina can wajen na biyun, don yau ban je ba. Bayana ya yi sauƙi tun jiya. Na tashi aiki a makare, na hango cunkoson hanya, na lissafa tafiya da jira da wanka da dawowa, sa'a biyu cur, sai na juya gida. Abin haushin, da na iso ko tabarma ban shimfiɗa ba, wai ai yanzu zangon jim ne.

Na ɗauka kuɗin da na biya zai riƙa tashina. Ya tashe ni mako biyu, daga nan ya yi shiru. Ba ni kaɗai ba ne. Wasu masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun bi bayanan mambobin gidajen motsa jiki uku a Amurka, suka wallafa a 2006 cewa masu biyan kuɗin wata ba sa kai zuwa biyar a wata a matsakaici, har kowane zuwa yana tsaya musu da tsada fiye da in da tikitin shiga suke saya. Mutum kan biya ne da sunan wanda yake fatan zama.

Sassauci ɗaya daga binciken Lally: tsallake rana guda bai rushe sabon ba. Asabar zan koma.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na koma zuwa da safe, lokacin ba kowa sai mu 'yan ƙalilan. Akwai wani dattijo da nake tararwa kullum, shekararsa 68. Ba ya ɗaga abu mai nauyi, amma ba ya fashi. Yakan gama da tsayuwa a ƙafa ɗaya kusa da bango, yatsa ɗaya a jikin fenti. Abin da yake yi daidai ne da shawarar da ake ba waɗanda suka kai 65, su haɗa da horon daidaita tsayuwa kwana uku a mako saboda gudun faɗuwa.

Na gaishe shi na ce, "Baba, ku da kuka daɗe a harkar nan, gida ya fi ko nan?"

Ya sauke ƙafa ya ce, "Ɗana, ni a gida ba mai tambayata in ban yi ba. Nan kuwa in ban zo ba kwana biyu, sai waɗannan yaran su kira ni a waya." Ya koma kan ɗaya ƙafar.

Ban taɓa sa wannan a lissafi ba. Ni na zo auna tsoka ne da mintuna.

Wani abin da na lura: tafiyar sauri ta ragu tun da na fara jim. Raina kan ce ai na yi mai wuyar. Makon jiya minti 90 kawai na samu maimakon 150. Sai na tuna da binciken Jeremy Morris na 1953 a kan motocin bas masu bene na Landan: kwandastocin da ke wuni suna hawa da sauka sun fi direbobin da ke zaune tsira daga ciwon zuciya. Aikin ne ke motsa musu jiki, ba jim ba. An gyara lif ɗin ofis tun tuni, amma na koma bin matakala.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

An rufe zango na biyu. Cikin 18 na je 13. Sai dai kowane zuwa kusan minti 55 ne, kuma in ban da ranar kwankwaso ban taɓa barin aiki a rabi ba. Jimilla minti 715 a jim, 476 a falo. Amma jim ya ci mini wasu minti 650 a hanya, waɗanda ba su ƙara mini komai ba.

Nauyi 84, wato kusan bai motsa ba. Ƙugu 92. Bugun zuciya 74. Fires-of 22. Gwajin minti 12 mita 1,900, ƙarin 50 kacal, kuma na san dalili. Tsuguno da sanda kilo 50 sau takwas. Riga ta fara kama ni a kafaɗa tana sakina a ciki, abin da sikeli bai iya gani.

Ba zan yaudari kaina in ce gwajin ya yi adalci ba. Gida ya samu ɗanyen jiki, wanda ko me aka yi masa sai ya amsa. Jim ya gaji jikin da ya riga ya ɗan horu, ga mako guda da ciwon baya ya cinye. Da na juya tsarin, da lambobin sun juya. Abin da na yarda da shi ba a sikeli yake ba, a shafin halarta yake: a gida ina farawa ba na gamawa, a jim ina gamawa amma ba kullum nake isa ba. Ƙirji da ciki da hannuwa ba su rasa komai a falo ba. Baya da ƙafafu su ne suka ci moriyar ƙarfe.

Litinin, 1 ga Disamba

Zango na uku, mako takwas. Asabar da safe jim, don tsuguno da ɗagawa daga ƙasa da ja daga sama, kuma na bar kuɗin wata na koma biyan kuɗin shiga. Litinin da Laraba falo, minti 30, waya a ɗaki a kashe, ƙofa a rufe, autar kuma an yi yarjejeniya da ita: in na gama zubi na uku tana da hawa doki sau biyu. Duk ranar da jim ya gagara, tabarma ce madadinsa a ranar, ba gobe ba.

Na sayi ƙarfen hannu guda biyu masu faifan da ake ƙarawa, da sandar da ake maƙalawa a ƙofa. Da safen nan na rataya a jikinta, na ja iya ƙarfina, na ɗago kamar faɗin tafin hannu, na tsaya cak ina lilo. Na rubuta sifili. Zan fara da hawa kujera in kama sama, in sauko a hankali ina ƙirga biyar, sau biyar-biyar. Awo na gaba Lahadi, 28 ga Disamba.